Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya: A Cike Gurbin Gwajin Tunjere A Katin Awo

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na jiharmu,



 

Ranka ya daɗe, ni ungozoma ce. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina karɓar haihuwa a asibitocin ƙauye da na gari kafin in ajiye aiki. Fitowa jarida a yi wa shugaba magana ba tarbiyyar da aka yi mana ba ce, don haka na fara bi ta ƙofar da aka san ana bi. Na yi magana da shugabar ɗakin awo ta asibitin unguwarmu, ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na je wurin jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ya saurare ni cikin mutunci, ya ce in rubuto. Na rubuta. Na sake rubuta wata na kai ma'aikatarka da ƙafata, aka buga mata hatimi aka ba ni kwafi. Damina biyu ke nan ko tari ban ji ba. Shi ya sa na kawo kukana inda nake da yaƙinin zai kai kunnenka.

Maganar a kan gurbi ɗaya ce a katin awon mata masu juna biyu. Idan ka sa aka kawo maka kati ka duba, za ka ga gurbin yawan jini, da na rukunin jini, da na fitsari, da na cutar ƙanjamau. A tsakaninsu akwai wani da aka rubuta haruffa huɗu, VDRL. Gurbin gwajin tunjere ke nan. A katunan da ke biyowa ta hannuna, domin har yau matan unguwa suna kawo mini in karanta musu, gurbin ƙanjamau a cike yake kusan kullum. Na tunjere kuwa wayam.

Mutane da yawa sun ɗauka tunjere ciwon zamanin kakanni ne, ya tafi da masu shi. Yana nan. Abin da ya sa ba a ganin sa shi ne halinsa na ɓuya. Yakan fara da ɗan gyambo marar zafi, galibi mako uku bayan kamuwa, kuma a jikin mace yana iya fitowa can ciki inda ba za ta gani ba. Gyambon ya warke da kansa. Bayan wasu makonni ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, a ce zafi ne ko ƙaiƙayi, a sha jiƙo, su ma su baje. Daga nan sai shiru na shekaru, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa gona, ƙwayar cutar tana jininsa. Mace a wannan hali ba ta jin komai, ba ta da abin da za ta faɗa wa nas. Ɗan da ke cikinta ne ke ɗaukar nauyin, domin ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta shige shi. Babu wata hanyar gane wannan mace sai ta jininta.

Ranka ya daɗe, bari in ba ka labarin wadda ta hana ni yin shiru. Yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, daga wani ƙauye da na yi aiki. Cikinta na fari ta haife shi a wata takwas ba rai. Na biyu ni na karɓe shi: ya zo da rai, amma fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa tana saɓulewa, cikinsa a kumbure, mabiyiyar kuma ƙatuwa, fara fat, da nauyin da ya wuce kima. Bai kwana uku ba ya koma. Na uku ya zube. Kafin a ce haka gari ya ɗauka mai wabi ce. An yi rubutu, an yi turare, dangin miji sun fara maganar ƙafarta ba ta da kyau. Har an tanadi sunan da za a raɗa wa na gaba idan ya zo, irin su Ajuji da Ayashe, ko mutuwa ta raina shi ta bar shi. Duk cikin nan uku ta zo awo, duk an soke mata yatsa an gwada ƙanjamau. A na huɗu na matsa, na haɗa ta da wani mai mota zuwa babban asibiti. Aka gwada, aka samu, aka yi mata allura ita da mijinta. Yaron da ta haifa yanzu yana makarantar allo. Har yau idan na tuna mabiyiyar nan ta biyu, na san ta gaya mini komai, kayan gwaji ne ba ni da su a ɗakina.

Ba na cewa duk mai wabi tunjere gare ta. Akwai sikila, akwai hawan jini, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. Amma tunjere yana da arhar ganowa da sauƙin magani, kuma a cikin dukkansu shi ne muka fi sakaci da shi.

Ga kukana na farko: ba a gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 suka kamu da tunjere, kuma jarirai kimanin 700,000 suka same shi daga iyayensu mata. Ƙiyasinta na 2016 ya nuna sama da jarirai 200,000 ne suka mutu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa saboda shi. A cikin cututtukan da ƙwayoyi ke haddasawa masu kashe ɗa a ciki, zazzaɓin cizon sauro ne kaɗai ke gabansa. Hukumar ta kuma ce idan ba a yi wa mai ciki magani ba, ko aka yi a makare, ko aka ba ta wanda bai dace ba, kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan ciki ba ya ƙarewa lafiya.

Da a ce gwajin mai wuya ne da na yi uzuri. A da can haka yake. Tun 1905 aka gano ƙwayar cutar a Jamus, a 1906 Wassermann ya fito da gwajin jini na farko, wanda sai babban ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararru. Yau kuwa akwai tsinken gwaji da ke ɗaukar ɗigon jini daga yatsa, ya ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ba ya neman wutar lantarki ko madubin likita. Har akwai mai baki biyu, wanda ke duba ƙanjamau da tunjere da ɗigo guda. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara awo da shi, kuma a ƙarshen 2021 aka sanar da saukar farashinsa ƙasa da dala ɗaya ga ƙasashe irin tamu. Yatsan da ake sokewa ɗaya ne, nas ɗin ita ce dai, layin matan shi ne. To me ya hana tsinken nan isa kowane ɗakin awo a jihar nan? A wasu wurare ya taɓa zuwa, aka yi wata biyu ana yi, ya ƙare, ba a sake kawowa ba. A wasu kuma ana rubuta wa mace takarda a ce ta je waje ta yi ta biya. Macen da mijinta ya ba ta kuɗin mota cif-cif, ta bar yara a hannun maƙwabciya, wace waje za ta je? Takardar a ƙasan jaka take kwana har ta haihu.

Kukana na biyu ya fi na farko ciwo, don a nan an yi gwajin, karatunsa ne ke kashe aure. Zan ɗan tsaya a kansa, ka yi mini haƙuri.

Gwajin jinin tunjere gida biyu ne, kuma kowane gida tambayar da yake amsawa daban. Gida na farko shi ne su VDRL da RPR. Waɗannan ba ƙwayar cutar suke nema ba, martanin da jiki ke yi ne ga ɓarnar da take yi wa tsoka. Amfaninsu babba ne, domin ana iya tsarma ruwan jinin kashi-kashi a ga ƙarfin ciwon, a rubuta 1:8 ko 1:32, kuma bayan magani lambar takan sauka. Idan ta sauka ninki huɗu, kamar daga 1:32 zuwa 1:8, an san allura ta yi aiki. Idan ta sake hawa, an san an sake kamuwa ko maganin bai ci ba. Amma suna da rauni: wasu abubuwan ma kan ta da irin wannan martani. Zazzaɓin cizon sauro yana yi. Kuturta tana yi, tarin fuka yana yi, shi kansa juna biyun yana iya yi. Ka duba, ranka ya daɗe, a ƙasar da da wuya mai ciki ta wuce damina ba ta yi zazzaɓi ba, mace nawa gwajin nan shi kaɗai zai yi wa ƙazafi? Akwai kuma akasin haka. Idan ciwon ya yi ƙarfi ƙwarai, martanin kan yi yawan da zai toshe gwajin ya nuna babu komai, sai an tsarma jinin gaskiya ta fito. Ma'aikacin da ba a koya masa ba zai sallami wadda ta fi kowa buƙatar allura.

Gida na biyu shi ne su TPHA da tsinken gaggawa. Su martanin jiki ga ita ƙwayar cutar kanta suke nema, don haka ba su cika yin kuskuren farko ba. Nasu raunin shi ne ba sa mantuwa. Yawancin wanda ya taɓa kamuwa, ko ya warke sarai shekara ashirin da suka wuce, zai ci gaba da nunawa har ƙarshen ransa. Ba sa bambanta tsohon tabo da sabon ciwo. Sannan ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: ƙwayar tunjere tana da 'yan'uwa da ba ta hanyar kwanciya ake ɗaukar su ba. Akwai wanda likitoci ke kira bejel, da aka san shi a yankin Sahel, yara ke ɗauka ta cuɗanya da shan ruwa a moɗa ɗaya. Akwai wanda suke kira yos, ciwon fatar yara a ƙasashe masu damshi irin su Gana da Kamaru. Gwajin jini ba ya raba su da tunjere. Yarinyar da ta yi ɗayansu tana shekara biyar tana iya nunawa ranar awonta na fari, alhali ba ta san kowane namiji ba sai mijinta.

Shi ya sa ƙa'idar tabbatarwa ita ce a haɗa gidajen biyu, ɗaya ya tona, ɗaya ya gaskata. Abin da ke faruwa a garuruwanmu kuwa, mutum ya shiga ƙaramin ɗakin gwaji na kuɗi, a tsoma tsinke, a rubuta VDRL a takarda ko da ba shi aka yi ba, a miƙa masa babu lamba babu bayani. Na san gidan da takarda irin wannan ta shiga. Matar tana kwance da zazzaɓi aka yi gwajin, mijin ya kai wa wani mai kemis ya karanta masa, kafin magariba ta tafi gidansu da saki da ciki wata shida. Da aka sake gwadawa a babban asibiti ta gida na biyu, babu komai. An mayar da auren, amma maganar ta riga ta zaga gari, kuma magana zarar bunu ce.

Kada a fahimce ni a karkace. Idan mai ciki ta zo asibitin ƙauye tsinke ya nuna, ba na cewa a tsaya jiran tabbaci daga birni. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a inda babu halin gwaji na biyu, a yi mata allurar farko nan take a ranar. Allurar da aka yi wa wadda ta riga ta warke ba ta kai asarar ɗa ba, kuma wadda aka ce ta dawo mako mai zuwa sau da yawa sai naƙuda ke dawo da ita. Abin da nake cewa shi ne a yi allurar, a kuma iya bakin. A ce mata: jininki ya nuna alamar wani ciwo da zai iya taɓa ɗanki, yana iya zama tsoho, maganinsa allura ce. Wannan ya isa. Ɗakin awo ba kotu ba ne.

Na uku, allurar ita kanta. Tun 1943 aka san penisilin yana kashe tunjere, kuma har yau bai daina ba. Wanda ake buƙata shi ne benzatin penisilin, awo miliyan 2.4 a tsoka, sau ɗaya idan ciwon sabo ne, sau uku mako-mako idan ya daɗe ko ba a san farkonsa ba. Ga mai ciki shi ne kaɗai aka tabbatar yana ratsawa ya warkar da ɗan, kuma ana so a yi shi aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Sauran magungunan, wani ba a ba mai ciki, wani kuma ya warkar da uwa ya bar ɗan da ciwonsa. Na san ƙarancin allurar nan ya taɓa duniya baki ɗaya, har Amurka ta yi fama da shi a 2023, saboda arha ce kamfanoni ba sa ɗokin yin ta. Wannan dalili ne na a yi tanadi da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. A yanzu nas takan samu mace da ciwon ta buɗe kabad ba allura, ta rubuta mata ta saya. Wata kuma allurar tana nan amma tana tsoron yi, don an tsorata ta da labarin masu faɗuwa bayan penisilin, kuma ba a ajiye mata maganin farfaɗowa ba. Irin wannan faɗuwa ba kasafai take faruwa ba, kuma horon yini guda da 'yar kwalbar adirenalin a kusa sun isa su cire mata tsoron.

Na huɗu, maigida. Ka yi wa mace allura ta koma ɗakin da ta samo ciwon, aikin baban giwa ka yi. Idan gidan mai mata biyu ne ko uku, to maganar ta shafi kowane ɗaki. Mazanmu kuwa ba sa zuwa ɗakin awo, kuma ɗora wa mace nauyin kai wannan labari ita kaɗai zalunci ne, domin ita za a fara tuhuma ko da shi ya kawo. A wuraren da na yi aiki, abin da ya fi ci shi ne ma'aikaci namiji ya kira mijin gefe, da sunan lafiyar ɗan da ke ciki. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi allura ba idan aka shigo masa ta nan. Amma wannan dabarar mutum ɗaya ce, babu tsari a rubuce, idan aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki ta tafi da shi.

Na ji masu cewa a saka tunjere cikin gwajin kafin aure a huta. Ba na ƙi, matuƙar za a tabbatar da sakamako ta gida biyu kafin a furta wa kowa. Sai dai gwajin ranar ɗaurin aure ba ya tsare cikin da za a yi bayan shekara bakwai. Idan kuɗin bai isa duka ba, a fara da ɗakin awo.

Akwai kuma jinin da ake ƙara wa masu haihuwa. Ƙa'ida ta ce kowace leda a duba ta da ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Ina roƙon a leƙa a ga ko na huɗun yana samuwa a ƙananan asibitoci da tsakar dare.

Ranka ya daɗe, Kuba ba ƙasa ce mai arziki ba, amma a 2015 ta zama ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa. Tailan ta biyo baya a 2016. Ma'aunin da aka gindaya musu a fili yake: mata 95 cikin ɗari su zo awo, 95 cikin ɗari na masu zuwa a gwada su, 95 cikin ɗari na waɗanda aka samu a yi musu magani. Na farkon yana da wuya a wurinmu, na sani, sai an haɗa da sarakuna da malamai da gyaran hanya. Na biyu da na uku kuwa a teburinka suke. Matan nan sun riga sun zo da ƙafarsu, sun zauna a benci tun sassafe, sun miƙa yatsa.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, ka sa a sayi tsinken nan mai baki biyu a cikin kasafin jiha, ya isa kowane ɗakin awo har na ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, kuma gwajin ya zama kyauta tun zuwan farko. Ina roƙon duk inda aka ajiye tsinke a ajiye benzatin penisilin da maganin farfaɗowa a kabad ɗaya, kada a raba su. Ina roƙon kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma ya samu kayan RPR, da firjin ajiye su, da ma'aikacin da ya iya tsarma jini ya rubuta lamba, domin a bi sawun wadda aka yi wa allura da jaririnta. A horar da ungozomomi da nas-nas yadda za su karanta sakamako da yadda za su faɗe shi, a kuma umarci ɗakunan gwaji na kuɗi su riƙa rubuta ainihin gwajin da suka yi. Duk matar da ta haifi ɗa ba rai, a gwada ta kafin ta bar asibiti, ko cikin gaba ya tsira. Sannan a riƙa kawo maka alƙaluman kowane wata: mata nawa suka zo, nawa aka gwada, nawa aka samu, nawa aka yi wa allura. Abin da shugaba ke tambaya shi ake yi.

Idan kana son ganin abin da idonka, ba sai ka sanar da zuwanka ba. Ka tsaya a kowane asibiti ranar awo, ka karɓi kati goma daga hannun matan da ke layi, ka duba gurbin nan. Ni da sauran tsofaffin ungozomomi muna nan, in an kira mu horar da yara za mu zo ba tare da an biya mu ba.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ka yafe mini. Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yi.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata ungozoma mai ritaya.